Horon Ubangiji: kowa ya karanta nasa

Makonni uku da suka wuce na je gaisuwar mutuwa a unguwarmu. Wata 'yar Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ce ta rasa ɗanta na fari, saurayi ɗan shekara 22, mota ta buge shi a kan babur ɗinsa na haya. Wata 8 kafin nan gobara ta cinye rumfarta a kasuwa. Maigidanta kuwa ya daɗe a kwance, ɓarin jikinsa ya shanye.

Ina durƙushe ina gaishe ta sai wata dattijuwa ta matso, ta dafa kafaɗarta, ta ce: “Ƙanwata, ki yi haƙuri, amma ki binciki kanki. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake yi wa horo.”

Ban kai ga miƙewa ba wani matashi ya karɓe: “Mama, kada ki yarda. Wannan ba rabonki ba ne. Hannun maƙiya ne daga ƙauye. Ki zo addu'ar dare ranar Juma'a a karya shi.”

Ba ta tanka wa kowa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Tun daga ranar maganar nan take ci mini rai, domin su biyun da kyakkyawar niyya suka zo, kuma su biyun sun ƙara mata nauyi. Ga inda na tsaya. Na gaskata Allah yana yi wa 'ya'yansa horo, ba kuma zan share wannan daga Littafi Mai Tsarki don a ji daɗi ba. Amma horon nan na uba ne, kuma saƙo ne tsakanin Allah da mai shi. Ba a ba ni ikon karanta wa maƙwabcina nasa ba. Abin da aka ba ni shi ne in riƙe masa hannu har gwiwarsa ta yi ƙarfi.

Kalmar da muka ɓata

Idan ka ce “horo” a majami'unmu na Arewa, abin da yake zuwa wa mutum a rai shi ne bencin baya. An karanta sunan wance a gaban jama'a, an hana ta Jibin Ubangiji, an cire ta daga mawaƙa. Sau da yawa yarinya ce da ciki ya tona mata asiri, wanda ya yi cikin kuwa yana can yana yawonsa, ko ma yana zaune a gaba saboda baikonsa yana da kauri. Shi ya sa kalmar ta koma tana nufin kunya da tonon silili. Duk wanda ka ce masa Allah yana yi masa horo, abin da ya ji shi ne ka ce an kama shi.

Amma Bahaushe ya san wani horon. Akwai horon da ake yi wa shanun huɗa kafin damina, da wanda ake yi wa doki, da na kuratan soja a Zariya. Sa bai yi laifi ba da aka ɗora masa karkiya. Aiki ake shirya shi dominsa. Ayar da dattijuwar nan ta kawo daga wasiƙar Ibraniyawa sura ta 12 take, kuma kalmar da marubucin ya yi amfani da ita a can da Helenanci ta fi kusa da wannan: tarbiyyar da ake yi wa yaro a gida, wadda ta ƙunshi koyarwa da gargaɗi da tsautawa da sa shi aikin da ba ya so.

Ka duba su wa aka rubuta wa wasiƙar. Sura ta 10 ta ce an zage su a bainar jama'a, an jefa waɗansunsu kurkuku, an ƙwace musu kaya. Saboda sunan Almasihu suke shan wannan. Ba a kama su da sata ko zina ba. Su ne aka ce wa su jure, Allah yana tafiyar da su kamar 'ya'ya. Ashe ayar da dattijuwar nan ta ɗauko don a nemo laifi, tun asali an rubuta ta ne don a ƙarfafa mutanen da suke shan wuya a kan gaskiya.

Kuma hukuncin zunubinmu an riga an sha shi a kan gicciye. Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci a kan waɗanda suke cikin Almasihu Yesu. Allah ba ya karɓar bashi ɗaya sau biyu. Alƙali yana yanke hukunci ya tashi ya tafi gidansa. Uba kuwa ko ya tsauta wa yaro, da dare shi ne zai leƙa ya ga ko ya ci tuwo.

“To ai Natan ya gaya wa Dawuda”

Na san abin da za a ce mini. Idan kowa ya kama bakinsa, wa zai faɗa wa mai zunubi gaskiya? Ba annabi Natan ne ya tsaya gaban sarki ya ce masa shi ne mutumin ba?

Haka ne. Amma Natan ya san abin da Dawuda ya yi. Ya san matar, ya san mijinta Uriya, ya san yadda aka sa shi a bakin dāga don ya mutu. Daga zunubin da ya tabbata ya fara. Abin da muke yi a gidajen makoki kishiyar wannan ne: mu ga masifa, sai mu fara lissafin baya muna neman laifin da ya jawo ta.

Masu wannan lissafi a Littafi Mai Tsarki su ne abokan Ayuba, wato Elifaz da Bildad da Zofar. Kwana bakwai na farko sun zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, kuma wannan ne mafi alherin abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki sai suka shiga cewa lalle akwai abin da ya ɓoye. A sura ta 42 Allah ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba, har sai da Ayuban da suke tuhuma ya yi musu addu'a.

Yesu ma an kawo masa wannan tambaya. Almajiransa sun ga mutumin da aka haifa makaho suka ce, wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba shi ba, ba su ba. A Luka 13 shi da kansa ya ɗauko zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce kada ku ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ku dai ku tuba. Ya ɗauke yatsan daga kan matattu ya mayar kan masu tambaya.

Idan ka san ɗan'uwanka yana cin amanar matarsa ko yana taɓa kuɗin ikilisiya, je ka same shi ku biyu kamar yadda Matiyu 18 ta ce, tun yana cikin ƙoshin lafiya da walwala. Kada ka yi shiru shekara biyar sannan ka zo ranar da ya binne ɗansa kana yi masa habaici da aya.

“Ba rabona ba ne”

Matashin nan kuwa, daga wani wa'azi ya fito wanda ya cika mana rediyo da Facebook. A wurinsu duk wani ciwo daga Shaiɗan yake, ko daga wata tsohuwa a ƙauye. Ɗan Allah ba ya talauci, ba ya jinya, ba ya jira. Idan abin ya daɗe, bangaskiyarka ce ta yi ƙaranci ko baikonka.

Ban musa cewa akwai Mugun ba, kuma addu'ar dare ba laifi ba ce. Damuwata ita ce wannan koyarwa tana toshe wa mutum kunne. Wanda aka saba masa cewa kullum laifin wani ne, yaushe zai zauna ya ce, ya Ubangiji, me kake so in gyara? Kuma gidaje nawa ta raba? An sa 'ya'ya sun daina gaida kakarsu, an sa mata ta daina cin abincin uwar mijinta, duk don wani ya ce ya gani a wahayi.

Muna son Irmiya 29:11, inda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri. Muna liƙa ta a bayan mota, muna buga ta a kalandar biki. Amma wa aka aika wa? Bayin da aka kwashe zuwa Babila, mutanen da suke tsakiyar horo. Aya ta 10, wadda ba ma liƙawa, ta ce sai shekara 70 ta cika. A sura ta 28 akwai wani annabi Hananiya da ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai wuce. Maganarsa ta fi daɗin ji, kuma ƙarya ce. Irmiya cewa ya yi su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su.

Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da take jikinsa. Ba a cire ba. An ce masa alherin ya ishe shi. Wa zai ce Bulus ne bai iya addu'a ba?

Mu da muke ikilisiyar ECWA tarihinmu ma ya isa ya koya mana. Masu bishara uku, waɗanda daga aikinsu ECWA ta samo asali, suka sauka Legas a 1893. Kafin 1894 ta ƙare Walter Gowans ya rasu a Girku, Thomas Kent ya rasu a Bida. Rowland Bingham ya koma gida da jinya, ya sake zuwa ya sake komawa, sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Da an auna su da ma'aunin masu wa'azin yau, da an ce Allah ba ya cikin tafiyar.

Ibraniyawa 12:5 ta gargaɗe mu a kan abu biyu: kada a raina horon, kada kuma a karai a ƙarƙashinsa. Maganar matashin nan tana koya wa mutum ya raina. Ta dattijuwar tana karya shi.

Nawa horon

Ba daga littafi kaɗai nake magana ba. A 2016, shekarar da naira ta faɗi kasuwa ta tsaya, shagona na kayan gini ya durƙushe. Na yi azumi, na tsauta wa maƙiya, na zargi abokin cinikina, na zargi gwamnati. Wata uku ina zaune a gida, ko kuɗin makarantar yara ya gagara.

Wata asuba ina karatu na zo Yakubu 5:4, inda aka ce hakkin ma'aikatan da kuka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Sai na kasa wucewa. Ina da yaran shago biyu da na riƙe wa albashin wata huɗu tun kasuwa tana tafiya, ina ce musu su yi haƙuri, alhali a lokacin na sayi fili. Ɗayansu matarsa tana da tsohon ciki.

Ba fasto ne ya gaya mini ba, ba dattijo ba. Da wani ya zo ya ce shagona ya rushe saboda zunubi, da na kore shi, kuma da ina da gaskiya, domin shagunan mutanen kirki da yawa sun rushe a shekarar. Amma ni na san abin da Ruhu Mai Tsarki ya ɗora wa yatsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sayar da babur ɗina na biya su, na roƙe su gafara. Ɗaya ya karɓa da hawaye, ɗayan ya ƙirga kuɗinsa ya tafi bai dube ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Shagon bai dawo ba. Yau aikin wani nake yi. Abin da ya dawo shi ne addu'a, wadda da ta zame mini kamar tauna ƙasa.

Masu tambaya yaya za su gane ko horo ne, ga abin da na koya. Idan Allah yana nuna maka laifi, yakan kira shi da sunansa, ya kuma nuna maka ƙofar fita: biya wane, nemi gafarar wance, rabu da kaza. Nauyin da ba shi da suna, wanda yake ce maka kai dai ba ka da amfani, Allah ya gaji da kai, wannan muryar Shaiɗan ce, mai ƙarar 'yan'uwa. Ka binciki zuciyarka da gaskiya. Idan ka sami abu, ka tuba ka gyara. Idan ba ka samu ba, kada ka ƙirƙiro don ka gamsar da masu zuwa gaisuwa.

Haƙuri da zalunci

Akwai ƙorafin da ya fi duka nauyi a wurina. Ana cewa wannan koyarwa tana sa Kirista ya naɗe hannu a yanka shi, tana sa mace ta zauna miji yana jibgarta don an ce mata gicciyenta ne.

Wannan ya faru, kuma abin kunya ne gare mu. Mijin da yake dukan matarsa ba sandan Allah ba ne, azzalumi ne, shi ya kamata dattawa su kira. Mace ta tsira da ranta ba rashin bangaskiya ba ne.

Ku dubi 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A Garkida aka fara aikinsu a 1923. A watan Afrilu 2014 aka sace 'yan mata 276 a Chibok, mafi yawansu 'ya'yan wannan ikilisiya. A watan Oktoba na shekarar Boko Haram ta mamaye hedkwatarsu a Kwarhi, shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. A Janairu 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi na Michika. Wane mai hankali ne zai ce sun fi mu zunubi? Waɗanda suka yi wannan aika-aika za su amsa a gaban Allah, gwamnatin da ta kasa kare su ma tana da tata amsar, kuma wajibi ne mu ci gaba da tambayarta.

Bulus da ya koya mana yin fahariya da wahala shi ne ya ƙi fita daga kurkukun Filibi a ɓoye, ya ce mahukunta su zo da kansu tun da sun doke shi ba shari'a. Shi ne ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Yusufu kuma da ya gafarta wa 'yan'uwansa bai sauya wa abin da suka yi suna ba. Ya ce sun nufe shi da mugunta, Allah ya nufe shi da alheri. Ikon da Allah yake da shi na fitar da alheri daga cikin mugunta bai wanke mugu ba. EYN ba ta ɗauki makami ba, ba ta kuma yi shiru ba. Ta koma Kwarhi, ta yi bikin cika shekara 100 a 2023.

Inda ƙarfi yake fitowa

Muna tsayawa a ayar horo mu rufe littafin, alhali zancen bai ƙare ba. Aya ta 12 da ta 13 na Ibraniyawa 12 sun ce ku miƙe hannuwan da suka yi sanyi da gwiwoyin da suka raunana, ku daidaita hanya don kada ƙafar gurgu ta gulle, sai dai ta warke. “Ku” aka ce. Aikin jama'a ne. Wanda gwiwarsa ta saki ba shi zai share hanya ba, masu ƙafa ne za su share masa.

Labarin Iliya a 1 Sarakuna 19 shi ne ya fi taɓa ni. Bayan nasarar Dutsen Karmel ya gudu daga Yezebel, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ba shi waina da butar ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya sake ba shi, ya ce tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka yi magana da shi cikin 'yar murya. Can aka gyara masa lissafi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka ba shi aiki, aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Abinci, barci, sannan magana. Mu kullum da magana muke farawa.

Bitrus ma, bayan ya yi musun Ubangijinsa sau uku, a bakin teku aka fara ba shi gasasshen kifi da gurasa kafin a tambaye shi sau uku ko yana ƙauna. Kuma ba a bar shi a bencin baya ba, tumaki aka damƙa masa. Ina roƙon dattawanmu su sake karanta 2 Korantiyawa 2, inda Bulus ya ce horon da aka yi wa mutumin ya isa, a yafe masa a ƙarfafa shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Muna da tsarin sa mutum a horo. Tsarin dawo da shi fa? Wa yake ziyartarsa a watannin nan?

Ishaya 40:31 ta ce masu sauraro ga Ubangiji za su sabunta ƙarfinsu, su tashi da fikafikai kamar gaggafa, su yi gudu ba gajiya, su yi tafiya ba suma. Da ina saurayi gaggafar nake gani. Yanzu tafiyar ce take ba ni mamaki. Mutumin da ya binne ɗansa ya tashi da safe ya wanke fuska ya buɗe Zabura, ko da bai ji komai ba, wannan ma sabon ƙarfi ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne da ƙorafi, kuma Allah ya bar su a littafinsa. Aya ta 11 ta Ibraniyawa 12 da kanta ta amsa cewa horo ba ya da daɗi a lokacin da ake shan sa, amfanin daga baya yake zuwa. Kada mu tilasta wa mai makoki ya ba da shaidar nasara tun ƙasar kabari ba ta bushe ba.

Ranar Lahadin da ta wuce matar nan ta zo sujada. Ba ta rera waƙa ba, ba ta tashi lokacin baiko ba. Uwar Zumunta ta bar wurinta ta je ta zauna kusa da ita har aka tashi. Matan sun raba kwanaki a tsakaninsu, kowace yamma akwai mai kai tuwo, akwai mai taya ta juya maigidan. Matashin nan na same shi na yi masa magana, ya saurara, kuma shi ne ya fara kawo katako. Mun haɗa kuɗin kwano bandir biyu. Ranar Asabar da safe za mu je kasuwa mu kafa mata rumfar.